Almakashin Edita da Haddin Abin da Ake Yankawa

Daga cikin sana'o'in da wannan zamani ya haifa, waɗanda kakanninmu ba su riske su ba balle su bar mana hukunci a kansu, akwai sana'ar haɗa hoton bidiyo, wadda masu ita ke kira editin. Wanda duk ya ratsa Tudun Wadar Kaduna, tun daga titin Poly har ya faɗa Kasuwar Barci, ko ya gangara wajen Tudun Nupawa da Unguwar Sanusi, ba zai rasa cin karo da ɗan shago ba inda wani saurayi ya duƙufa gaban kwamfuta, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, yana harhaɗa hotunan kamu da wunin biki, ko na walima, ko tallar mai atamfa da shadda. Waɗanda kuwa ba su da shago sun mayar da wayarsu shago, suna yin aikin da CapCut ko KineMaster a bakin ƙofar gida. Dukansu, babba da yaro, akwai wata mas'ala guda da take tare su kullum, ita ce hoto da kiɗan da ake shimfiɗa masa a ƙarƙashi ba su cika zuwa tsawo ɗaya ba: ko dai kiɗa ya ƙare hoto na tafiya, ko hoto ya ƙare kiɗa bai kai gaɓa ba. Mas'ala ce ƙarama a ido, amma idan mutum ya tsananta nazari a kanta zai tarar ta taɓo wani babi da malaman fiƙihu da na tajwidi da na hadisi suka daɗe suna magana a kansa, watau babin abin da ya halatta a gutsure da abin da bai halatta ba.

Ya kamata a fara bayyana yadda aikin yake, domin malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtar surarsa. A fuskar kwamfuta edita yana ganin layi biyu, hoto a sama, sauti a ƙasa, shi kuma sautin ana zana shi da tudu da kwari, ta yadda duk inda aka doki ganga sai a ga zanen ya yi tsini. A ɗauka hoton biki ya kai minti 3 da daƙiƙa 12, kiɗan da amarya ta zaɓa kuwa minti 2 ne da daƙiƙa 8. Giɓin da ya rage daƙiƙa 64 ke nan. Idan kiɗan yana tafiya da bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, bugu 32 su ne daƙiƙa 16, saboda haka edita zai nemi wata gaɓa mai wannan tsawo a tsakiyar kiɗan, inda mawaƙi ya yi shiru aka bar fiyano da ganga, ya yanke ta daidai kan tsinin bugun farko, ya kwafe ta, ya jera ta sau 4 a bayan ta asali, giɓi ya cike. Sa'an nan ya koma kan kowace mahaɗa ya ɗan ɗora bakin wannan a kan bakin wancan, ɗaya yana dusashewa ɗaya yana tasowa, don kada a ji ƙas. In abin da ya rage daƙiƙa biyu ne ko uku, ba ya ma wahalar da kansa da yanka, sai ya ja kiɗan ya ɗan miƙe ko ya ɗan takure, abin da a zamanin kaset ba ya yiwuwa sai murya ta sirance ko ta yi kauri, amma na'urar yau tana yinsa murya na nan yadda take. Ragon edita shi ne wanda ke barin kiɗa ya kai ƙarshe ya sake faro shi daga farko, ko ya dusar da shi a tsakiyar baiti. Gwani kuwa yana ajiye farkon kiɗan a farkon hoto, ƙarshensa na haƙiƙa a ƙarshen hoto, duk ƙari da ragi a ciki yake yinsu, har mai kallo ya tashi bai san an taɓa kome ba.

Wannan aiki bai bambanta da na telolin Kasuwar Barci ba, waɗanda ke auna jiki tukuna su yanka yadi a kansa, in yadi ya gaza su yi ƙari a inda zanen ya dace da juna, gwanintarsu kuwa ita ce kada a ga ɗinki. Ba a taɓa jin wanda ya zargi tela da cin amanar yadi ba, domin kowa ya san don jiki aka saƙa yadi. Haka nan kiɗan rakiya: mai bi ne, hoto shi ne abin bi, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman fiƙihu cewa abin da ke bin wani, hukuncinsa yana rataye da abin da yake bi, ana kuma yafewa a cikinsa abin da ba a yafewa a cikin asali. Har zuwa nan ban ga abin zargi a cikin almakashin edita ba.

Ba nufina ba ne in shiga mas'alar halaccin kiɗa ko haramcinsa, wadda ta fi ƙarfin wannan takarda. Mai karatu ya san abin da Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tabbatar a cikin Risala, littafin da kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya durƙusa a kansa, na hana ganganta sauraron kayan wasa da waƙe-waƙe, tare da togace ganga mai fuska ɗaya a wurin aure. Ya kuma san Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u don ladubban sauraro, inda ya rataya hukunci a kan halin mai sauraro da lokaci da wuri da abokan zama. Wanda ya riƙi haramci, a wurinsa maganar ta ƙare tun ba a fara ba, sai dai shi ma bai tsira daga abin da zan faɗa ba, don kuwa masu gudun fiyano su ne suka fi shimfiɗa muryoyin bege da ƙira'a a ƙarƙashin hotunansu, da almakashi ɗaya kuma ake yanka duka.

Matsa wa sauti ya shiga cikin ma'aunin lokaci ba yau aka fara shi ba. Makaɗin Hausa na asali bai san agogo ba: Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana iya riƙe waƙa ɗaya muddin fili yana da zafi kuma masu kyauta suna fitowa, ya kuma datse ta in ya ga hankalin jama'a ya juya, shi ya sa ake samun waƙarsa guda a kaset daban-daban, kowace da tsawonta da 'yan baitocin da babu su a 'yar'uwarta. Faifan garmaho shi ya fara sa wa mawaƙa linzami, domin fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a nan Kaduna a 1962, sai linzamin ya ƙara ƙarfi, kowane shiri da mintocinsa, kowane shiri da takensa wanda ake ɗagawa a farko a dusar da shi idan mai gabatarwa zai yi sallama. Daga baya finafinan Hausa suka zo, tun daga Turmin Danya a 1990, aka shiga zamanin fiyano, wadda ita kanta maimaita gaɓa guda take yi muddin ba a danna mata tsayawa ba. Abin da ya sabunta a yau shi ne almakashin ya fita daga hannun ma'aikatan rediyo ƙalilan, waɗanda aka horar kuma akwai na gaba da su, ya shiga aljihun kowa.

Wani zai ce, to ai kunnen Bahaushe da maimaici aka rene shi, mene ne amshi in ba gaɓa guda da ake ta komawa kanta ba? Gaskiya ne, amma akwai bambanci, kuma a wurina bambancin ba ƙarami ba ne. 'Yan amshin Shata ko na Musa Ɗanƙwairo, ko da kalmomin da suke faɗa ba su sauya ba, kowane amshi amsa ce ga ɗan waƙar da ya gabace shi: in ubangidan ya yi zambo amshin ya fito da yaji, in ya yi yabo ya fito da nauyi, mai kalangu kuma ya matse tsarkiya ko ya sassauta gwargwadon abin da ya ji, ga gajiya tana shiga murya, ga murna idan kyauta ta faɗo. Malaman tauhidi, waɗanda muka gaji karatunsu ta hanyar littattafan Sanusi, sun raba halitta zuwa jirmi da arali, suka sa sauti cikin arali. Imamu Ash'ari da da yawa daga mabiyansa kuwa sun tafi a kan cewa arali ba ya wanzuwa lokaci biyu, Allah Yana halittar makamancinsa ne a bayansa, a bayansa, har ido da kunne su ɗauka abu guda ne ya dawwama. Sufaye suka ɗauki wannan suka ce babu maimaici a cikin tajalli. In haka ne, to babu amshi biyu da suka taɓa zama ɗaya, kamar yadda mai lazimin Tijjaniyya da ke jan istigfari 100 da salati 100 da hailala 100 safe da yamma ba ya ɗaukar na casa'in da tara a matsayin kwafin na farko, kowanne ibada ce mai zaman kanta da niyyarta da halartowar zuciyarta. Ayar nan ta Suratur Rahman da ta zo sau 31, malaman balaga sun ce kowace zuwa tana bin wata ni'ima ko wani gargaɗi daban, saboda haka tana tabbatar da abin da wadda ta gabace ta ba ta tabbatar ba. Gaɓar da edita ya jera sau 4 kuwa ba ta amsa wa kowa, ba ta san abin da ya gabace ta ba. An kawo ta ne don ta cike daƙiƙa 64, in da giɓin 80 ne da an jera ta sau 5.

Magabatanmu ma sun san tsawaita aikin wani, sai dai ta wata hanya. Tahamisi shi ne mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya gina ɗango uku a gabansa, ya zama biyar, da sharaɗin ya bi ma'auninsa da amsa-amonsa, ya kuma shimfiɗa ma'anar da za ta kai mai sauraro ga baitin asali. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Tudun Wada duk watan Mauludi haka take, asalinta na Alfazazi ne, Ibnu Muhibbi ya yi mata tahamisi. Haka nan Isan Kware ɗan Shehu ya yi wa waƙar Tabbat Haƙiƙa. Mai tahamisi yana ƙara tsawo ne da guminsa da iliminsa, sunansa kuma yana nan a jikin aikin, kowa ya san inda nasa ya tsaya da inda na mai asali ya fara. Ban kawo wannan don in ƙasƙantar da edita ba, aikinsa daban ne. Na kawo shi don a ga cewa ɓoye mahaɗa bai kasance cikin ladubban malamanmu ba idan abin da ake haɗawa magana ce.

Shi kuwa kiɗan rakiya, asalinsa, an yi shi ne don a ji shi ba don a saurare shi ba. Wani makaɗin Faransa, Erik Satie, ya tsara irin wannan kiɗa da gangan, ya kira shi kiɗan kayan ɗaki, aka buga shi a Faris a 1920 lokacin hutun wani wasa. Da jama'a suka koma kujerunsu suka yi tsit suna sauraro, sai ya bi su yana roƙonsu su ci gaba da hirarsu, don ba don sauraro ya yi shi ba. Abin dariya ne, amma mutumin ya fahimci sana'arsa. Duk abin da aka sa a ƙarƙashin hoto an yanke masa hukuncin zama bara, kada ya ɗaga murya sama da ta ubangidansa, kada ya ja hankali zuwa kansa, in ya yi haka edita ya rage masa ƙarfi. Tambayar da ta rage ita ce, wane sauti ne ya yarda da wannan matsayi, wane ne kuma ya fi ƙarfinsa?

A nan ne mas'alar ta daina zama ta sana'a kaɗai. Yanzu an saba, idan yaro ya sauke Alƙur'ani a Islamiyya aka yi walima, a kai hotunan wurin edita ya haɗa, tun da kuwa taron na addini ne, iyaye ba sa son fiyano, sai su ce a sa ƙira'a. Na taɓa zama a irin wannan shago ana cikin wannan aiki: hotuna sun kai wajen minti biyar, ga yaro da alkyabba da allonsa mai zayyana, ga malamai, ga manyan tukwanen shinkafa, ga 'yan'uwa mata suna gyara mayafi suna murmushi, karatun da aka zaɓa kuwa bai kai rabin haka ba. Saurayin, wanda hannunsa ya riga ya saba, ya nemi inda zanen sautin ya kwanta, watau inda alaramma ya ja numfashi, ya yanke, ya kwafi abin da ya gabata ya jera, ya goge mahaɗa da kyau har ba a jin kome. Kawun yaron, wani dattijo mahaddaci da ya zo karɓar aikin, yana ji sai ya ɗaga hannu.

"Ɗana, mayar da shi baya kaɗan. Wannan ayar ba ita ke bin waccan ba."

"Allah gafarta Malam, ai karatun ne ya gaza, shi ne na ƙara don ya kai ƙarshen hoton. Ba wanda zai gane."

"Ni ga shi na gane. In ma ban gane ba, Mai maganar ai Ya sani. Rage hotunan, ka bar karatun yadda yake."

Yaron ba mugu ba ne, ba kuma mai raina Alƙur'ani ba. Ya yi wa karatu abin da yake yi wa kiɗa sau goma a wuni, domin a fuskar kwamfuta zanensu iri ɗaya ne, tudu da kwari. Amma inda mai karatu ya ja numfashi ba lalle ne nan ma'ana ta cika ba, shi ya sa malamai suka ware fanni sukutum na wakafi da ibtida'i, watau sanin inda ake tsayawa da inda ake farawa. Abu Amrin Addani ya yi littafi a kansa, Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 833 bayan Hijira, ya kasa tsayawa zuwa cikakkiya da wadatacciya da kyakkyawa da mummuna, kuma misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne ayar Suratun Nisa'i da ta hana kusantar salla a halin maye: wanda ya yanke kafin ambaton maye ya mayar da hani ga maye hani ga salla. Mai karatun da numfashi ya ƙare masa a mugun wuri an yi masa uzuri, an kuma umurce shi ya koma baya kaɗan ya haɗa. Edita kuwa ba numfashi ne ya ƙare masa ba, daƙiƙoƙi yake cikewa. Bayan wannan akwai jerin ayoyi, wanda malamai suka haɗu a kan cewa daga wahayi yake, ba mai ikon gabatar da wata ko jinkirta ta. Sa'an nan akwai umurnin da ke ƙarshen Suratul A'arafi na a saurara a yi shiru idan ana karatu, alhali abin da aka sa a matsayin rakiya an riga an ce masa kada ya ja hankali. Ko da mutum ya bi malaman da suka ce wajabcin wannan umurni a cikin salla da huɗuba yake, a wajensu mustahabbi ne, da wuya ya ce ladabi ne a mayar da Zancen Allah mai bin hoton tukunyar shinkafa. Dattijon nan bai karanta editin ba, amma maganin da ya bayar shi ne na ƙa'ida: ya gane wane ne abin bi a cikin biyun, ya ce a yanka ɗayan.

Abin da ya fi wannan yawa, ya kuma fi shi ɓarna a tsakanin jama'a, shi ne yankan wa'azi. Kaduna gari ne na tafsiri. Daga nan aka riƙa watsa karatun Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, da yake yi a Masallacin Sultan Bello, da na Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi, zuwa duk inda rediyon Kaduna ke kaiwa, mutane kuma suka saba zama su ji mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara, ya kawo sababin sauka da saɓanin malamai, kafin ya faɗi abin da ya rinjayar. Yau karatun awa guda ana tsamo minti ɗaya daga cikinsa don ya shiga TikTok ko WhatsApp, a cire inda malam ya ce wasu sun ce, a bar abin da wasun suka ce kamar nasa ne, a cire sharaɗi a bar hukunci, a goge mahaɗa da irin gwanintar da aka koya a kan kiɗa, sa'an nan a shimfiɗa wata murya mai sa kuka a ƙarƙashi tana ta zagayawa. Malaman hadisi sun riga mu tunanin wannan. Ibnus Salahi da Ibnu Hajar sun yi magana a kan taƙaita hadisi, abin da aka rinjayar kuwa shi ne ya halatta ga masani kaɗai, wanda ya san cewa abin da ya bari ba ya rataye da abin da ya kawo, kamar togaciya ko sharaɗi ko iyaka. Bukhari da kansa yana gutsura hadisi ya rarraba shi a babi-babi, amma Bukhari ne, kuma galibi cikakken yana wani wuri a littafin ga mai nema. Ɓoye aibi a cikin isnadi don a ɗauka babu yankewa kuwa, sunansa tadlisi a wurinsu, sun kuma ƙyamace shi ƙwarai. Ga abin lura: aiki ɗaya tak, watau goge mahaɗa, a cikin kiɗa shi ne cikar gwaninta, a cikin maganar mutum shi ne kusa da shaidar zur. Saboda haka ina ganin wanda ya yanke maganar malami, ko ta ɗan siyasa, ko ta kishiyar yayarsa, wajibinsa ne ya bar yankan a fili, hoto ya ɗan yi tsalle ko ya yi duhu na ƙiftawar ido, don mai kallo ya san an cire wani abu a nan.

Za a iya kawo mini hujja a ce shari'a da kanta tana son taƙaitawa: an rage wa matafiyi salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sauƙaƙa salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, ya kuma yi wa Mu'azu faɗa a kan tsawaita wa mutane karatu a sallar isha'i, malaman balaga ma sun ɗaukaka ijazi, sun ce balaga ita ce magana ta dace da halin da ake ciki. Duk wannan haka yake, ni ma ban ce tsawo falala ba ne, kuma minti ɗaya na wa'azi da ya isa kunnen ɗan acaɓa a Rigasa ya fi awa guda da ba wanda ya buɗe. Amma a duba yadda sauƙaƙawar take: limamin da ya ji kukan yaro gajeriyar sura yake zaɓa ya karanta ta cikakkiya, ba ya ɗaukar doguwa ya tsallake tsakiyarta ya haɗa bakin da bakin. Wanda yake da minti ɗaya, sai ya nemi maganar da ta cika a minti ɗaya, suna nan da yawa a cikin kowane karatu. Wanda hotonsa ya fi ƙira'a tsawo, ya nemi doguwar ƙira'a, ko ya rage hoto, ko ya bar sauran da muryoyin mutanen da ke wurin, waɗanda bayan shekara ashirin su ne abin da iyalin za su fi so su ji.

Yanzu ma aikin yana fita daga hannun mutum. Tun 2022 manhajar Premiere Pro ta zo da wata dabara da ake kira Remix, wadda edita zai ja bakin kiɗa zuwa tsawon da yake so, na'ura ta nemo gaɓoɓin da suka yi kama da juna ta yanka ta haɗa da kanta cikin ɗan lokaci. A kan kiɗa wannan sauƙi ne, ba ni da ja. Sai dai na'ura kamannin sauti take nema, ba ta san mubtada'i da habari ba, ba ta kuma cikin waɗanda aka ɗora wa taklifi. Alhakin yana nan a wuyan wanda ya ja bakin, kamar yadda alhakin kibiya ke wuyan maharbi.

Saura mas'ala ta tsakiya, wadda ita ce ta fi wuyar yankewa, watau waƙoƙin bege da na wa'azi, irin waɗanda sha'irai ke rerawa da mandiri ko da fiyano, da kuma tsofaffi irin Imfiraji ta Aliyu Namangi. Waɗannan ba wahayi ba ne, jerin baitocinsu ba tauƙifi ba ne, kuma suna da amshi wanda mai waƙar da kansa ya gina don a yi ta komawa kansa. Saboda haka ban ga laifi ba idan edita ya maimaita amshin sau biyu ko uku don ya kai ƙarshen hoto, muddin ya ɗauke shi cikakke daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Abin da nake ƙi shi ne a datse baiti a tsakiya, musamman inda aka ambaci sunan Allah ko na Manzonsa, ko a yanke kalmar shahada bayan korewa kafin tabbatarwa don kawai bugun ganga ya faɗo a nan, ko a ɗauki baitin da ke zancen mutuwa da kwanciyar kabari a shimfiɗa shi ƙarƙashin tallar leshi saboda muryar ta yi daɗi. Editan da ke karɓar irin wannan aiki yana bukatar ya cire abin sauraron nan da yake ƙidaya bugu da shi, ya saurari waƙar sau ɗaya daga farko har ƙarshe kamar yadda mai ita ya so a ji ta, ya san abin da take faɗa, kafin ya koma kan zanen ya nemi wurin yanka. In kuwa da Larabci take ko Fulatanci kuma bai ji ba, to a Tudun Wada ba a yin tafiyar minti biyar ba a wuce zauren malamin da zai fassara masa ba.